Baƙin Mai a Bakin Rami

La'asar sakaliya ce, inuwar katanga ta cinye rabin tsakar gida, lokacin da Direba ya shigo da a-kori-kurarsa ta babbar ƙofa ya kashe ta kusa da tarin tsofaffin tayoyi. Amarya tana durƙushe a bakin famfo tana ɗauraye kwanuka. Shekara guda da rabi da kawo ta gidan, amma sunan bai sake ta ba, kuma har yanzu in surukinta Baba yana tsakar gida muryarta ba ta wuce haƙoranta.

Kwana huɗu ke nan mijinta Direba bai da zance sai na wata jar wuta da ke kamawa a gaban sitiyari. Ƙarama ce, mai siffar buta da ɗigo ɗaya a bakinta. In mota ta yi zafi ya tsaya, sai ta fara ƙyaftawa kamar mai ciwon ido. Ya ce wutar baƙin mai ce, kuma in gaskiya take faɗa, man ba ya hawa cikin inji, injin na iya ƙonewa a kan hanya. Makanike ya ɗaura agogon gwaji ya ce man yana hawa lafiya lau, ɗan suwicin da ke kai wa wutar labari ne ya mutu. Direba ya sayo sabo, ya ce da kansa zai ɗaura, don da asuba yana da kaya.

Auta, ƙanwarsa, 'yar shekara goma sha biyar, ta leƙa ta tagar mota ta ga 'yar butar.

"Yaya, alwala motarka take nema, kai kana ta saye-saye."

"Matsa min da bakin nan naki kamar rediyon da ya ɓaci."

"Ai gara nawa. Matarka batirinta ne ba a sa ba tun daga kamfani."

Amarya ta yi murmushi cikin gyale. A gidan nan Auta ce kaɗai take zama da ita a ɗaki, ta tsefe mata kai, ta ja ta da hira har ta ji dariyarta.

Direba ya ɗaga bonet, ya cire kan batir, ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin mota. Ya ce tunda ya riga ya kwanta, bari ya juye tsohon man gaba ɗaya tun yana da zafi, ya fi saurin fita. Ya tura tsohuwar tasa, ya kwance notin ƙasa, baƙin mai ya zubo yana tururi. Sannan ya lalubo suwicin a gefen filta mai tace mai, ya zare filogin wayar da ke kansa, ya sa dogon soket ya murɗo shi. Tsohon ya fito jiƙe da mai har wuya. Sabon ne ya ƙi shiga. Lungun matsattse ne, hannunsa ƙato, sau biyu abin yana kuɓuce masa.

"Amarya, zo ki ara min hannunki."

Ta miƙe da sauri. Takalmanta suna can ƙofar ɗaki, sai ta zura silifas ɗin Auta da ke bakin famfo, jajaye, ɗaya an ɗaure hancinsa da waya.

"Sa hannu nan, bi gefen filta. Kin ji ramin? Ki fara murɗa shi da yatsu, a hankali. In kin ji ya cije tun farko, ki dawo baya, kar ki tilasta masa, zaren zai lalace."

Ƙarfen yana da zafi har yanzu. Ta murɗa, ya bi sumul, zagaye huɗu, biyar. Ya karɓa da soket ya ɗan matse, ya tsaya.

"Wannan in ka nuna masa ƙarfi sai ya tsage. Hannun nan naki da na sani tuntuni da ban biya makanike ba." Ya turo tasar waje da ƙafa. "Kai bayan ɗaki, akwai jarka, ki juye."

Ta ɗauka da tsumma. Warin man ya bugi hancinta. Wata na uku ke nan ba ta ga al'adarta ba, kuma ba ta gaya wa kowa ba, har shi. Kullum tana cewa gobe.

A bayan ɗaki ba jarka. Zafin tasa ya ratsa tsumman yana cin yatsunta, amai yana taso mata. A gindin katanga, bayan tayoyin, ta ga wani rami, bakinsa bai fi tafin hannu ba, sumul kamar ana shiga ana fita. Tun tana ƙarama ta san ba a zuba abu mai zafi a ƙasa sai an yi bisimilla a fili an ce a gafara, musamman in rana ta kusa faɗuwa. Ta buɗe baki. Sai ta ji ƙarar buta. Baba ne zaune a kan ɗan benci, taku huɗu da ita, ya ba ta baya yana alwala. Ta rufe bakin. Ta faɗa a zuci, ta karkata tasar.

Man ya shige ramin bai bar ko kumfa ba. Daga can ƙasa wani siririn sauti ya fito, irin na ɗan kyanwar da aka taka, sau ɗaya, ya yanke. Baba bai juyo ba. Tsuntsayen da ke hayaniya a kan wayar lantarki suka yi tsit gaba ɗaya.

Ta mayar da silifas ɗin inda ta ɗauke su. Direba ya ɗaure notin ƙasa, ya zuba sabon mai, ya mayar da filogi da kan batir, ya murɗa makulli. 'Yar butar ta kama, injin ya tashi, ta mutu. Ya buga sitiyari da tafi don murna. Daidai nan aka kira magariba.

Suna idar da salla wani abu ya faɗo a kan kwanon rufi, ya gangaro ya faɗi a gaban Inna, uwar mijinta. Noti ne, baƙi, jiƙe da mai. Inna ta kai hannu ta janye, da zafi. Na biyu ya faɗo, sai na uku. Direba ya fita da tocila ya zaga bayan gida, ya dawo yana zagin yaran unguwa, ko da yake bai ga kowa ba. Da zai wuce ta gefen motar ya tsaya cak. Makulli yana aljihunsa, amma jar butar tana ci a cikin duhun mota.

"Jabu suka sayar min," ya ce. Muryarsa ba ta yi ƙarfi ba.

Washegari ya kai kayansa ya dawo lafiya, wutar ba ta ko ƙyafta a hanya ba. Duk da haka ya biya kasuwa ya yi faɗa da mai kayan, ya karɓo wani. Da yamma ya sake kwanciya a kan kwalin, Amarya ta sake murɗa masa da yatsu. Rana tana faɗuwa butar ta kama. A lokacin Auta tana tsaye a tsakar gida da tsintsiya. Ta saki tsintsiyar, ta dubi ƙafafunta.

"Inna, ƙasar nan zafi gare ta."

"Wace ƙasa, da magariba?"

"Tana cin ƙafata."

Ta zauna daɓas, ta fara goge tafin ƙafarta da bakin zane, tana gogewa tana gogewa. Da aka haska, ƙafafun sun yi jawur, sun fara tashin bororo kamar an tsoma su a tukunya. Aka kai ta asibiti da safe, aka ce ƙuna ce, aka tambayi abin da ta taka, aka ba da man shafawa. Da rana takan yi lamo, ta kwanta fuskarta a bango. Ba ta ci, ba ta tsokanar kowa. Gidan ya yi shiru irin wanda Amarya ba ta taɓa ji ba, sai a lokacin ta gane yawan hayaniyar gidan nan duk bakin yarinya ɗaya ne.

A rana ta uku da kwanciyar Auta, Direba ya ciro batirin ɗungurungum ya ajiye a ƙofar ɗakinsa, ya zauna a kansa. Ya ce zai ga ta inda wuta za ta bi. Hasken yamma ya yi ja, ya yi toka-toka. Kajin maƙwabta suka shige. Sannan a hankali, kamar garwashin da aka hura, butar ta kama. Ya sauke kai yana kallon batirin da ke tsakanin ƙafafunsa.

Daga ɗakin Inna wata murya ta fito. Ba ta Auta ba ce. Muryar babbar mace ce, a dishe, irin ta wadda ta kwana tana kuka.

"Ga su nan. Ga ƙafafun nan."

Amarya tana bakin ƙofa da kofin ruwa. Ta ga Auta zaune a miƙe, idanunta a buɗe ba ƙyaftawa, kuma ba mutane take kallo ba. Ta bi inda idon ya tsaya. Jajayen silifas ne a bakin tabarma. A hancin na dama, kusa da ɗaurin waya, akwai ɗigon baƙin mai guda ɗaya da ya bushe.

Ta ajiye kofin, ta koma ɗakinta ta jingina da ƙofa. Yanzu ta san komai. Abin da ke cikin ramin nan daga ƙasa yake kallo, bai ga fuska ba, takalmi ya gani. Ita yake nema, ya kama Auta. In ta yi magana zai san inda take, ita da abin da ke cikinta. In ta yi shiru, Auta ce za ta ci gaba da ƙonewa.

Da mijinta ya shigo ta ce, "Ina da magana."

"Ina ji."

Ta dubi idanunsa, sun faɗa, ga baƙin mai a ƙarƙashin farcensa. Sai ta canja magana.

"Ba ka ci abinci ba."

"Bar shi kawai."

Da safe ta ɗauki silifas ɗin a ɓoye ta wanke da sabulu, ta kankare ɗigon da farce har ya fita, ta mayar. Tana mayarwa Auta ta juyo daga bango. Wannan karon ita ce, da ƙaramar muryarta.

"Matar Yaya, ki zauna kusa da ni. In yamma ta yi wata mata tana zuwa ta tsaya a kan ƙirjina. Ta ce in ya mutu, tare za mu tafi. Waye zai mutu?"

Amarya ta zauna ta riƙe hannunta. Hannun ya rame cikin kwana huɗu, awarwaronta yana zamewa har gwiwar hannu.

Ranar ne Baba ya sa hula ya fita, bayan la'asar ya dawo da Malam. Dattijo ne siriri, ba ya da yawan magana, ba ya ɗauke da komai sai Alƙur'ani a jaka da gorar ruwa. Bai shiga ɗaki nan da nan ba. Ya zaga tsakar gida, ya tsaya a gaban motar da bonet ɗinta a buɗe, ya leƙa inda batir ya kamata ya zauna.

"Yaushe take kamawa?"

"In rana ta faɗi, Malam. Suwici biyu na canja."

"To ka huta haka. Ba naka ne ya lalace ba."

Aka fito da Auta aka zaunar da ita a tabarma a barandar Inna, aka rufe ƙafafunta da mayafi. Inna ta riƙe kafaɗunta ta baya. Baba da Direba suka zauna gefe. Amarya ta tsaya a bayan labulen ɗakinta, ta buɗe shi faɗin yatsa biyu. Daga nan tana ganin barandar, tana kuma ganin gilashin motar.

Malam ya fara karatu a hankali, ba ya ɗaga murya, ba ya sauri. Ya daɗe yana yi. Inuwa ta haye katanga ta gama da tsakar gida. Wani noti ya faɗo a kan rufi, bai ɗaga kai ba. Sai gilashin motar ya yi ja daga ciki, kan Auta ya faɗa baya, ya dawo gaba a hankali.

"Ya isa, Malam. Kana ƙara min zafi a kan zafi."

"Wa ke magana?"

"Maƙwabciya."

"Musulma ce ke?"

"Tun kafin a aza tubalin gidan nan."

"To me ya haɗa ki da 'yar mutane?"

Bakin Auta ya yi rawa. Hawaye suka zubo daga idanun da ba sa ƙyaftawa.

"Shekara nawa muna gindin katangar can. Sun ajiye mana tayoyi a ka, ba mu ce komai ba. Sun ajiye mana ƙarfen nan mai tari da hayaƙi, muka haƙura. Ranar na kwantar da ɗana a bakin ƙofa yana shan iska. Aka zo aka juye masa baƙin mai yana tafasa. Ba sallama, ba a gafara. Da an ce uffan da na ɗauke shi."

Inna ta ce, "Wayyo, wane mai kuma?" a hankali, kamar mai tambayar kanta.

"Kin ga wanda ya zuba?" in ji Malam.

"Ni a ƙasa nake, ƙafa nake gani. Jan takalmi, an ɗaure shi da waya. Na bi shi, ga inda ya kawo ni."

Amarya ta ga bayan mijinta ya sandare. Bai juyo wajen labulen ba, amma ta ga wuyansa yana so ya juya yana hana shi. Ya gyara murya.

"Malam, ni ne. Ni na juye man motata, ni na zuba. In akwai abin da za a yi, a yi da ni."

Dariya ta fito daga bakin Auta, busasshiya, ba daɗi.

"Kai? Da wannan ƙafar taka kamar murfin tukunya? Ko babban yatsanka ba zai shiga takalmin nan ba. Zauna, direba."

"In kuma ba yarinyar nan ce ta taɓa man ba fa?" in ji Malam.

"To ta kawo wadda ta taɓa. In babu, ita na gani, ita na riƙe. Ɗana yana can fatarsa tana saɓulewa. In ya cika, da ita zan tafi."

Ana jin ɗigar famfo. Amarya ta ɗora hannu a kan mararta, ta ji zuciyarta tana bugawa har a tafin hannun. Ta dubi awarwaron da ya zame a hannun Auta. Sannan ta ga hannunta ya ɗaga labulen, ƙafafunta sun fito, ba takalmi, suna tafiya a kan simintin da ya fara sanyi. Ta durƙusa a bakin tabarma, a gaban Baba, a gaban baƙo.

"Ni ce."

Ba wanda ya ji sosai. Malam ya karkato kunne. Ta sake faɗa, muryar ta fito da ƙarfin da ita kanta ba ta san tana da shi ba.

"Ni ce na zuba. Takalmin Auta na ara. Ba ta san komai ba."

Kan Auta ya juyo a hankali. Idanun suka sauka a kan ƙafafun Amarya, suka daɗe a can, sannan suka hau, suka tsaya a cikinta. Hancin ya buɗe kamar mai shinshina.

"Ashe ku biyu ne."

Inna ta ɗago kai da sauri. Direba ya dubi matarsa baki buɗe. Amarya ta ji kunya da tsoro sun haɗu sun rufe ta, har kunnuwanta suna ƙara.

"Wannan ya fi daidai," in ji muryar, a hankali, kusan da taushi. "Ɗa da ɗa. Na saki yarinyar yanzu-yanzu."

"Ba za ki taɓa shi ba," in ji Malam. Ya buɗe gorarsa ya yayyafa ruwa tsakanin Auta da Amarya. "Kin ce ke musulma ce. A ina kika ji ana kama wanda bai zo duniya ba da laifin da ba a yi da gangan ba? Kin riga kin zalunci ɗaya, kwana huɗu kina ƙona marar laifi. Wannan wa zai biya ta?"

"Ta san ana magana. Me ya hana ta?"

"Na yi," in ji Amarya. "A zuci na yi. Baba yana wurin, na ji nauyi."

"A zuci." Muryar ta maimaita kalmar kamar tana tauna ta. "Mu ba ma jin zuci, 'yar nan. Wanda ke jin zuci daban ne. Kin ji nauyin tsoho, ɗana ya ɗauki nauyin."

Baba ya sunkuyar da kai ya rufe fuska da hannu ɗaya.

Malam ya koma karatu, yanzu da ƙarfi. Jikin Auta ya fara karkarwa, tana nishi ta cikin haƙora, Inna tana riƙe da ita tana kuka ba sauti. Notuna suka riƙa zubowa a kan rufi kamar ƙanƙara. Jar wutar da ke cikin mota ta yi haske har tana nunawa a bangon baranda. Amarya tana kallon fuskar nan tana murɗewa, sai ta lura da wani abu. Hannuwan Auta ba dukan iska suke ba. A naɗe suke a ƙirji, suna jijjigawa, yadda ake jijjiga jariri.

"Malam, don Allah dakata," ta ce.

Ya dakata, yana kallonta da mamaki.

Ta matsa kusa har gwiwarta ta taɓa ruwan da aka yayyafa.

"Yana shan nono?"

Notunan suka tsaya.

"Tun ranar bai kama ba," in ji muryar. Ta sauka ƙasa sosai. "Numfashi kawai yake. Ba wanda ya tambaye ni sai ke."

"Me zan yi masa?"

"Man yana nan a ɗakinmu, ya jiƙa ƙasar, ko'ina na kwantar da shi zafi ne. A kwashe baƙar ƙasar nan duka. A ɗauke ƙarfen can daga kanmu. Sannan ruwan sanyi, wanda malamin nan ya yi wa karatu, safiya bakwai. Da hannunki. Da bakinki kuma, yadda zan ji daga ciki."

"Wannan babu laifi a cikinsa," in ji Malam. "Ba yanka, ba jini, ba wani abu bayan wannan. Za ki fita yanzu, ba za ki dawo jikin kowa a gidan nan ba. Ki rantse da Wanda ya halicce ki."

"Na rantse zan fita, ba zan dawo jikin yarinyar nan ba." Idanun suka koma kan Amarya. "In nawa ya tashi, naki ya tashi."

"Rai ba a hannunki yake ba. Wannan ba ya cikin sharaɗi. Janye shi."

"Na ji, Malam."

"Janye shi, na ce."

Amma ƙafar Auta ta hagu ta riga ta fara rawa a ƙarƙashin mayafi. Ƙaramin yatsan ya miƙe, ya karkaɗa, ya saki. Yarinyar ta yi atishawa sau uku ta sulale a jikin uwarta. A cikin mota wutar ta dusashe ta mutu. Can nesa ladan ya fara kiran salla.

Auta ta buɗe ido, ta dubi mutanen da suka kewaye ta, ta tsaya a kan Amarya.

"Muryar wa na ji kamar lasifika? Ke ce? Wa ya sa miki batir?"

Inna ta yi dariya da kuka a haɗe. Ta miƙo hannu ɗaya ta jawo Amarya jikinta, ta tambaye ta a kunne wata nawa. Amarya ta nuna yatsu uku.

Malam ya cika jarka da ruwa ya yi karatu a kai. Da zai tafi ya ce wa Amarya kar ta sa maganar ƙarshen nan a ranta, barazana ce ta mai jin ciwo, Allah ne mai tsarewa. Ta ce to. Amma ta ji abin da ta ji, kuma ta lura ba a janye ba.

Da gari ya waye Direba ya mayar da batir ya fitar da motar waje, ya kwashe tayoyin. Ya haƙa gindin katanga da shebur, yana bisimilla da ƙarfi a kowane sara, har ƙasar ta daina fitowa baƙa. Buhu biyu ya cika. Ramin bai ƙare ba, ya ci gaba da gangarawa ƙarƙashin katanga, siriri, ba a ganin ƙarshensa.

Amarya ta zo da kofi. Baba yana kan bencinsa. Da ya gan ta ya yunƙura zai tashi ya ba ta wuri, sai ya fasa, ya koma ya zauna.

"Faɗi, 'yata. Nima in ji."

Ta yi bisimilla, ta ce a gafara, za ta zuba. Ruwan ya shige. Ba abin da ya amsa.

Haka ta yi ta yi. Ƙafafun Auta suka bushe suka fara sabuwar fata, bakinta ya dawo har Inna tana cewa a rage. Butar ba ta sake kamawa ba sai in an murɗa makulli, ta mutu in inji ya tashi, kamar ta kowace mota. Gida ya koma gida ga kowa, ban da Amarya. Kowace safiya takan tsaya bayan ta zuba, ta kasa kunne. A safiya ta huɗu ta ji mararta ta ɗaure, ta zauna a ƙasa har ya sake ta, ba ta ɓoye ba, ta gaya wa Inna. A ta biyar da ta shida ramin ya shanye ruwan shiru, kamar ba kowa a ciki, ko kuma kamar gidan da aka yi rashi.

Safiya ta bakwai ta fito tun rana ba ta hau katanga ba. Ruwan da ya rage a jarka bai cika kofin ba. Ta durƙusa a bakin ramin, hannu ɗaya a kan cikinta. Baba bai fito ba tukuna, tsakar gida ba kowa.

"Bisimillahi. A gafara, zan zuba."

Ta jira. Iska ba ta motsi. Ta fara karkata kofin.

Daga can ƙasa, nesa, wani abu ya yi tari, ƙaramin tari na jariri da ya ƙware da nono. Sannan ya ja numfashi ya tsala kuka, mai ƙarfi, na ɗan da ke jin yunwa yana da ƙarfin nema.

Ta zuba sauran ruwan a hankali, ta gefe, don kar ya taɓa shi.